Rimidiyal ɗin saman bene a Asawase: inda kuɗina ya yi aiki da inda ya tafi a banza

Duk wanda ke da yaro a gida da makin D7 ko E8 a jarrabawar kammala sakandare ya tare wa hanya, yana kuma tunanin kai shi ajin rimidiyal ɗin nan, wato na masu shirin sake jarrabawa, na saman bene da ke tsakanin Asawase da Aboabo a Kumasi ta Ghana, shawarata ya kai shi, amma ya san abin da yake saye. Kimiyya da adabi, sai sambarka. Lissafi, sai ka nemo wa yaronka mai taimako a gefe. Awar da suke kira saikoloji kuwa, wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe a allon ƙofa, ita ta zaunar da ni rubuta wannan, ita ce kuma ta sa ba zan kama sunan wurin ba. Mai shi ɗan zango ne, muna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza. Mutanen unguwa sun san benen: masu walda a ƙasa, 'yan pragya, wato keke mai ƙafa uku, a bakin titi.

Ni mai kemis ne a Aboabo, ɗan tsohon tsari na zamanin O-Level. Wadda na kai ɗiyar ƙanwata ce, mahaifinta ya rasu tana firamare, ɗawainiyar karatunta a wuyana take. General Arts ta yi, burinta aikin jinya. Da sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC, ya fito, Turanci da Soshiyal da Gwamnati da ilimin addinin Musulunci duk lafiya lau, amma kimiyya D7, lissafi E8, adabin Turanci D7, tattalin arziki F9.

Iyaye da yawa a nan suke ruɗewa. Makin WAEC daga A1 yake zuwa F9, kuma D7 da E8 a takarda ba faɗuwa ba ne, shi ya sa uwa take ganin yarinya ta ci, ta raba sadaka. Kwalejin jinya kuwa ba ta kallon abin da ya gaza C6. Darussa shida take so: Turanci, lissafi da kimiyya, sai uku daga na zaɓi. Sauƙin da ke ciki shi ne ana haɗa sakamakon zama biyu, don haka abin da yaro ya rasa kawai zai sake a jarrabawar Nov-Dec, ta masu zama da kansu a ƙarshen shekara. Tamu yarinyar na zaɓi biyu gare ta masu kyau, tana neman na uku, ta zaɓi ta sake adabi ta bar tattalin arziki ya huta. Karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya ɗauke mana kuɗin makaranta da rajistar zaman farko. Zama na biyu kuwa daga aljihunka ne, tun daga fom har fensir.

Na biya sidi 200 a wata kan kowane darasi. Ban da wannan akwai kuɗin fom, kuɗin famflet na kowane darasi wanda dole ne, da sidi 50 a wata na "kansilin" wanda shi ma dole ne. Rajistar WAEC ta hannunsu ake yi, sun ɗora nasu a kai. Suna karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya, rasit kuwa sai ka tsaya ka nace. Ɗakuna uku ne, benci irin na firamare da gwiwar saurayi ba ta shiga ƙarƙashinsa, fanka tana aiki idan akwai wuta, ban ɗaki guda na maza da mata. Idan masu walda suka kama yankan ƙarfe, malami sai ya yi shiru ya jira. Ana tashi sallar magariba, wannan na yaba, maza su sauka masallacin lungu, mata su shimfiɗa ɗankwali a kusurwar aji, amma babu wurin alwala, sai yarinya ta taho da ita daga gida ko ta sayi ruwan leda. Akwai zaman safe da na yamma. Mai ɗiya mace ya zaɓi na safe, domin na yamma sai bayan isha'i ake tashi, kuma lungun bayan benen ba shi da fitila.

Wadda ke riƙe da kimiyya dattijuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa a sakandaren gwamnati. Batoniya ce, wato 'yar ƙabilar Ashanti, amma a zango ta tashi, Hausa a bakinta kamar tamu. Kowa Madam yake ce mata. Tana bayani da Turanci, idan ta ga idanu sun yi fari ta juya Hausa ko Tonanci, harshen Twi, sannan ta komo ta sa a rubuta da Turancin da mai maki yake so. Hausa ba ta cikin harsunan Ghana 11 da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, don haka yaran nan da yawa wannan ne karon farko da wani ya yi musu bayanin aikin ƙoda da harshen da suke mafarki da shi.

Jarrabawar kimiyya takarda uku ce, ta ukun ta gwajin aiki ce amma a rubuce, sai zane-zane a ce ka faɗi sunan wannan, ka auna wancan. Yaran da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji da gaske ba a nan suke zubar da maki. Madam ba ta da ɗakin gwaji, mahauta take bi. Ta zo da zuciyar rago da ƙodar akuya a roba, ta tsaga a gabansu, ta sa kowa ya zura yatsa a jijiya ya ji inda ta ɓulla. Ta zo da ƙasa kala uku a kwalabe, aka zuba ruwa aka ga wadda ke riƙewa da wadda ke saki.

Darasin da ya fi shiga gidanmu na gadon jini ne. Yarinyar ta same ni a shago ta ce, "Kawu, idan mai AS ya auri mai AS, ɗansu na fari ya zo da sikila, ukun da za su biyo baya sun tsira ke nan?" Na ce a'a. Ta ce, "To, yawancin ajinmu e suka ce." Ba yara kaɗai ba, manya masu gemu suna zuwa mini da wannan lissafin. Madam ta kawo jaka biyu, ta uwa da ta uba, kowacce da murfin kwalba ja ɗaya da fari ɗaya. A zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can, a rubuta, a mayar, a sake. Wani ya zaro ja biyu sau uku a jere, ajin ya ɗauki ihu. A nan suka gane ɗaya cikin huɗun nan sabo ne ga kowane ciki, jaka ba ta tuna abin da ya fito jiya. Ta kuma gaya musu abin da famflet bai faɗa ba, cewa a ƙasar nan, musamman ga mutanen arewa, akwai jinin C, kuma AS da AC ma suna iya haifar mai SC, wanda shi ma ciwo ne. Kusan jarirai 2 cikin 100 a Ghana da cutar ake haifarsu, kuma nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995. Ƙarshenta dai yarinyar nan ta matsa wa 'yar baffanta da ake shirin ba da ita aure sai ta je gwaji. An yi 'yar tsama a gida, goggonsu ta ce karatun boko ya sa yara shiga abin da ba nasu ba, amma an je.

Da aka zo kan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ta yi musu maganar tramadol ba kwana-kwana: abin da hukuma ta yarda da shi mai ƙarfin 50 da 100 ne, da takardar likita, mai 225 da ake sayarwa a lungu kuwa ta ɓarauniyar hanya ya shigo, kuma yana iya jefa mutum farfaɗiya. Wannan aikina ne, na kuma tabbatar gaskiya ta faɗa. Inda muka saɓa da ita wuri ɗaya ne: tana yi wa maganin gargajiya kuɗin goro, duk shirme ne a wurinta. Ni ma ina faɗa da masu tallar kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in a cikin trotro, motar haya. Amma maganin zazzaɓin cizon sauro da nake sayarwa yau asalinsa daga wani tsiro ne na ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargade, kuma gwamnati tana da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem, jami'ar KNUST ma tana ba da digiri a fannin. Mai shirin zama nas a zango, inda kowace tsohuwa ke da jiƙonta a ƙarƙashin gado, gara ta koyi tambayar mara lafiya me ya sha, da ta koyi raina shi har ya ɓoye mata.

Lissafi ba zan ɓata tawada ba. An canja malami a tsakiyar zango, wanda ya zo yaro ne mai bautar ƙasa, ya san abinsa amma da allo yake magana, ƙeyarsa kawai ɗalibai suka sani. Ya warware tambayoyin baya, su kwafa, a tashi. Ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Tech, wato KNUST, na roƙa yana zama da ita ranar Lahadi.

Malamin adabi siriri ne mai yawan dariya, ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Abin da ya fara yi shi ne hana su dogara da 'yan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwar Kejetia. Ya ce wanda bai karanta littafin ba ya sauka ƙasa ya taya masu walda aiki. A jerin da WAEC ta sa daga 2021 zuwa 2025 akwai labarin Alex Agyei-Agyiri mai suna Unexpected Joy at Dawn, na 'yan'uwa biyu, namiji da mace, da kora biyu ta raba: ta Ghana a 1969 da ta Najeriya a 1983. Yarinyar ta riga ta karanta shi a sakandare, ta haddace sunaye, ta sami D7. Wannan malamin kafin ya buɗe shafin farko sai ya ba su aikin gida: kowa ya nemi tsoho a gidansu ya tambaye shi inda yake a watan Nuwamba na 1969.

Matasa da yawa ba su san wannan ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zango ne abin ya fi daka, domin a nan Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa suke, da yawansu nan aka haife su, nan aka binne iyayensu, takarda ce kawai ba su da ita don ba wanda ya taɓa tambaya. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi nata, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida a shekarar fari da gobarar daji. Wannan na gani da idona ina yaro, shekarar da ƙashin wuyan mutane ya fito har ake kiransa sarƙar Rawlings.

Yarinyar ta je wurin mahaifiyarmu da littafin rubutu. Mma ta dube ta ta ce, "Kishiyata, wa ya aiko ki tonon nan?" Ta ce, "Kaka, ticha ne." Tsohuwa ta yi shiru, sannan ta fara, ba ta tsaya ba sai da tuwo ya huce. Ta ba da labarin motocin katako da aka cika da mutane da tabarmi, da gidajen da aka sayar a kuɗin akuya, da maƙwabciyarta Bayarabiya mai sayar da atamfa da ta bar mata turmi da manyan tukwane biyu ta ce a ajiye mata za ta dawo. Turmin da ake daka sakwara da shi a gidanmu tun ina yaro ke nan, ni kuwa sai ran nan na san na wani ne. Na ce, "Mma, ba ki taɓa faɗa mana ba." Ta ce, "Kun taɓa tambaya?"

Bayan wannan ba sai an ce wa yarinyar ta karanta ba. Kuma malamin bai tsaya a motsa zuciya ba, ya koya musu sana'ar amsa tambaya: ka karanta abin da aka tambaya, ka kawo magana, ka kawo hujja daga littafin, ka ce ga abin da take nunawa, kada ka zauna ba da labari daga farko. Yana karɓar rubutu duk mako ya dawo da shi da jan biro har bayan takarda. A sidi 200, wannan kaɗai ya biya.

Ranar Asabar da yamma, bayan an taso daga makarantar Islamiyya, yana haska fim a bango. Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa, suka ce ba sinima suka biya ba. Ina ganin sun cuci yaran. Wasan kwaikwayon Fences na August Wilson yana cikin jerin, labarin wani baƙar fata mai kwasar shara a birnin Pittsburgh na Amurka a 1957, wanda launin fata ya hana shi kaiwa inda ya so a wasan ƙwallo, shi kuma ya tare wa ɗansa hanya. An yi fim ɗinsa a 2016, Denzel Washington ya ba da umarni ya kuma fito a matsayin uban. Turancinsu da wuyar ji, sai da rubutu a ƙasa. Na je na zauna a baya na ga yadda yake yi. Ba ya barin fim ya yi tafiyar minti goma bai tsayar ba. "Me kuka gani yanzu da babu shi a littafi?" Wasan gabaɗaya a tsakar gida ɗaya yake, fim ɗin kuwa ya buɗe da mutane a bayan motar shara. Ya ce duk wanda ya rubuta motar nan a jarrabawa ya sanar da mai maki cewa kallo ya yi bai yi karatu ba. Sai kuma ya tambaye su me ya sa kamara ta matso fuskar matar a nan ta bar mijin, alhali shi ke magana. Yaran da suka tashi da finafinan Kano da na Kumawood da na Indiya masu fassarar Tonanci, ba wanda ya taɓa ce musu wani ne ya zaɓi inda idonsu zai sauka. Wani yaro ya tambaya ko ana karanta wannan a makaranta, ya gaya masa akwai NAFTI a Accra tun 1978, yanzu tana cikin jami'ar UniMAC.

A wasan akwai ƙanin mai gidan, Gabriel, wanda aka ji wa rauni a ka a Yaƙin Duniya na Biyu aka sa masa ƙarfe, ya dawo yana yawo da ƙaho yana cewa shi ne mala'ikan da zai busa a buɗe ƙofar Aljanna. Nan aji ya kaure. Wani ya ce ai ba Jibrilu ke busa ƙaho ba, Israfilu ne, malamin ya ce a addininku haka ne, marubucin kuwa da al'adar cocin mutanensa ya yi aiki, ku rubuta abin da ke littafi. Wata ta ce aljanu ne suka shige shi. Wani ya ce asiri ne. Malamin bai yi musu dariya ba, bai kuma yi gardama ba. Ran Litinin ya roƙi Madam ta shigo ajinsa. Ta zana ƙwaƙwalwa a allo, ta nuna musu cewa rauni a ɓangaren gaba yana iya canja halin mutum ɗungurungum, mai kunya ya zama mai zagi, mai natsuwa ya zama mai yawo. Ta ce ba sai an je yaƙi ba, faɗuwa daga babur ba hular kwano ya isa, haka sanƙarau da ke tashi a arewa lokacin zafi. Sannan malamin ya komo da su littafi: kuɗin da gwamnati ta ba Gabriel na raunin nan, da shi yayan ya mallaki gidan da yake taƙama da shi. Ya ce su rubuta shafi ɗaya, riƙon amana ne ko cin amana, kuma kowa ya tuna ko ya san gidan da ake cin haƙƙin mai taɓin hankali da sunan kula da shi.

Ni Musulmi ne, ban musanta aljani ba, yana cikin Alƙur'ani. Amma na ga yaran da aka yi shekara ana yi musu hayaƙi alhali farfaɗiya ce da ƙwaya ƙarama ke kwantarwa. Ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti. Abin da malaman nan biyu suka yi a awa guda, ba tare da sun taɓa imanin kowa ba, shi ne ilimin halayyar ɗan Adam na gaske da aka koyar a benen nan, kuma ba a karɓi ko pesuwa a kansa ba.

Wanda ake karɓar sidi 50 dominsa ran Alhamis ake yi, Darakta, wato mai wurin, da kansa, da lasifika. Ba ya cikin abin da yaran za su rubuta, an ce don gina su ne. Ya raba musu takardar tambayoyi, ya kasa su gida huɗu: kolerik, sangwin, melankolik, filegmatik. Wannan shugaba ne, wancan ɗan surutu, wannan mai baƙin rai, wancan malalaci. Tamu aka ce filegmatik ce, ta dawo tana tambayata ko irinsu suna iya aikin jinya. Wannan rabon ba sabon ilimi ba ne. Tunanin likitocin Girka ne na dā, su Jalinus, da suka ɗauka ruwa huɗu ke juya jiki da hali: jini, majina, rawayar maɗaciya da baƙar maɗaciya. Likitanci ya ajiye shi tun tuni. A matsayin hira ba laifi, amma ka ɗauki yaron da jarrabawa ta riga ta karya wa gwiwa ka manna masa suna, ka ce haka aka halicce shi, wannan ɓarna ce.

Abin haushin, masana wannan fanni suna da abin da zai amfani mai jarrabawa, kuma ba ɓoyayye ba ne. Tun 1885 wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe yana rage ta. Rufe littafi ka gwada tunowa ya fi ka yi ta sake karantawa. Barci yana zaunar da abin da aka koya. Kamar dai makarantar allo ce: ka biya, ka rufe, ka kawo hadda, gobe a sake tilawar na jiya. Darakta kuwa TDB yake yi musu wa'azi, karatu har gari ya waye, wai mai son A1 ba ya barci. Sai ga yaran a shagona suna neman abin hana barci, ina korarsu.

Akwai wata yarinya a ajin da tun fitowar sakamako ba ta barci, ba ta cin abinci, gabanta yana faɗuwa, ta fara cewa ita nauyi ce a kan iyayenta. Ta yi ƙarfin hali ta faɗa a awar kansilin. Aka ce mata, a gaban kowa, halin melankolik ne, ta riƙa tunani mai kyau, aka sa aji ya tafa mata. Ɗiyarmu ce ta gaya wa Madam, Madam ta bi yarinyar har gida ta zauna da uwarta, aka kai ta sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye, Gee ɗinmu. Ta samu sauƙi, ta kuma rubuta jarrabawarta. Duk wanda ya ji irin wannan magana daga bakin yaro kada ya jira ta wuce da kanta. Manyan asibitocin gwamnati na wannan lalura uku ne, Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu, amma ba sai an je can ba, a nan Kumasi ana ganin likita. Ƙasar tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, kuma a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga laifukan da ake hukuntawa, don haka tsoron 'yan sanda ba dalilin ɓoyewa ba ne. Akwai kuma dokar 2013 da ta kafa majalisar da ke ba masu aikin saikoloji da ba da shawara lasisi. Ba kowa ke rataya allo ya ce yana kansilin ba.

Na hau benen na same shi. Na ce, "Darakta, awar nan ta Alhamis, ko dai ka kawo mai lasisi, ko ka canja mata suna, ko ka bar wanda ya so ya biya." Ya ce, "Haba Alhaji, ai yara suna jin daɗinta." Na ce jin daɗi daban, magani daban. Ya yi alkawarin zai duba. Har muka gama ana karɓar sidi 50. Ba mugun mutum ba ne, kuma zan faɗi alherinsa guda: ba ya harkar apo, wato satar amsar jarrabawa. Wurare da yawa da alkawarin satar amsa suke jan yara, a ƙarshe WAEC ta riƙe sakamako ko ta soke shi. Shi ya tara su ya ce wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa kada ya ce ya san shi.

Sakamako ya fito: kimiyya C4, adabi B3, lissafi C6 da ƙyar, wanda rabin ladansa na ɗan maƙwabci ne. Wanda zai kai nasa ya tambayi sunan malamin kowane darasi kafin ya biya, ya biya wata-wata kada ya yarda da rangwamen biyan zango gaba ɗaya, ya sayi ainihin littattafan adabi tun da wuri kuma ya tabbatar jerin shekarar da yaron zai rubuta ne, domin WAEC tana canja su duk shekara biyar. Mun sayi fom ɗin kwalejin jinya, ta sa ta Kumasi a zaɓin farko. Famflet ɗin lissafi na biyu da aka karɓi kuɗinsa ba a buga ba kuwa, har yau ina bin Darakta sidi 40.